Baba, Ƙara Ruwa

Tun ranar da Auta ta gama makarantar horon 'yan kwana-kwana aka turo ta tashar da mahaifinta yake aiki, kunnenta bai huta da tsiya ba. Ba ta da wani suna a wurin sai 'Yar Direba. In ta naɗe mesa da kyau, a ce gado ne. In ta naɗe a karkace, a ce wajen uwarta ta kwaso. Ita dai dariya take yi, don aikin da take so ke nan tun tana zura ƙafafunta biyu cikin takalmin uban guda ɗaya tana kifewa a tsakar gida. Yanzu ga ta cikin nata takalmin, sai dai a kan gwaji take. Sai ta cinye watannin gwajin babu tabo za a tabbatar da ita, kuma kowa ya san tabon da ba a yafewa, wato mutum ya rikice a cikin wuta. Wanda ya yi haka ba korarsa ake yi ba. Ofis ake mayar da shi ya yi ta ɗaga waya har furfura ta fito masa.

Mahaifin nata, Baba Direba, shi ke tuƙa babbar mota, in an isa wurin gobara kuma shi ke tsayawa kan famfo. Wanda bai san aikin ba yana ɗauka mai riƙe da bakin mesa shi ne gwarzo. To, ba haka ba ne. Ran na ciki yana hannun na kan famfo. Da ruwa kaɗan ake shiga don mesar ta jawu, in an kai ga wutar sai na ciki ya yi magana a oba-oba, 'yar rediyon nan ta hannu, ya ce a ƙara, na waje ya murɗa. Shekara da shekaru Baba Direba yana wannan murɗawar, ba a taɓa cewa ya makara ba, kuma Auta tana alfahari da hakan fiye da yadda take nunawa.

Mutum ɗaya ne a rukuninsu ta kasa gane amfaninsa, wani dattijo mai tumbi da suke kira Kawu. Ba ya hawa tsani, ba ya jan mesa, hayaƙi ma daga nesa suke gaisawa. Da an sauka daga mota zai nemi wuri 'yar tazara daga famfo ya kafe da oba-obarsa a kunne.

"Wai shi Kawu mene ne aikinsa?" ta taɓa tambayar Dogo, wanda aka haɗa su aiki tare don ya koya mata.

"Tsayuwa," in ji Dogo. "Kuma duk garin nan babu wanda ya kai shi iyawa."

Ran da abin zai faru, Kawu ya zo da kumatu kamar ya ɓoye lemo a ciki. Haƙori ya hana shi sakat, har hawaye yake yi, sai Saje, shugaban rukunin, ya kore shi asibiti ya je a cire. Ko rabin hanya bai kai ba ƙararrawa ta kaɗa, jar fitilar da ke saman ƙofa ta hau walƙiya. Shagon katifa ne ya kama, a wani matsattsen layi bayan kasuwa.

Layin bai da faɗin da za a juya mota, don haka gefen famfon ya fuskanci bango, ƙofar shagon tana ɗaya gefen. Hayaƙi baƙi ƙirin yana tuttuɗowa, mai shagon yana birgima a ƙasa yana rantsuwa babu kowa a ciki sai kaya. Saje ya nuna Dogo da Auta.

"Ku biyu, ciki. 'Yar Direba, ke ce da oba-oba. Yau za mu ga ko gadon na gaske ne."

Ta ja takunkumin numfashi ta rufe fuska, ta ji nauyin tukunyar iska a bayanta. Kafin ta shige ta hango Saje ya tafi ya tsaya a gindin wani turken lantarki, daidai irin wurin da Kawu yake tsayawa. Ba ta kawo komai a ranta ba.

A ciki ba a ganin ko tafin hannu. Suka durƙusa suna rarrafe, Dogo a gaba da bakin mesa, ita a bayansa tana ja, hannunta ɗaya a kan ƙafarsa. Zafi ya fara ratsa rigar yana cizon kafaɗunta. Can ƙuryar shagon suka tarar da wutar, ja wur, tana cin tarin soso tana lasar rufi. Dogo ya buɗe mesa, ruwan ya fito a sanyaye kamar na wanke hannu, ya ɗaga mata yatsa alamar a ƙara. Ta danna oba-oba.

"Famfo, ƙara ruwa."

Shiru. Ta sake dannawa, ta faɗa a hankali yadda aka koya musu, kalma bayan kalma. Mesar tana nan laɓo-laɓo a hannunta. Wutar ta bi rufi ta zo saman kansu, narkakken soso ya fara ɗigowa yana ci a ƙasa.

"Famfo! Famfo, kana ji na? Ƙara ruwa!"

Nan fa ta manta da duk wata ƙa'idar magana a oba-oba. Ta ƙwala ihu iya ƙarfinta, har muryarta tana dukan takunkumin tana dawo mata.

"Baba! Ni ce! Baba, ƙara ruwa!"

Wani ɓangaren rufin ya ɓallo ya sauka a kafaɗar Dogo. Ta ji ihunsa ta cikin takunkumi, irin ihun da ba ta taɓa zaton ƙaton mutum yana da shi ba. Ta damƙi igiyar tukunyarsa ta baya, ta laluba mesa da ɗaya hannun, domin mesa ita ce hanyar fita, ta yi ta ja da gwiwa da gwiwar hannu. Ba ta san yadda ta kawo shi ƙofa ba. Hannaye dai suka karɓe shi, wani ya hau kwara masa ruwa, wani yana kiran motar asibiti.

Ta fizge takunkumin ta zagaya bayan mota a guje, zuciyarta cike da tsoro ɗaya: Baba ya faɗi. Ba ta ga wani dalilin da zai hana shi murɗa famfo ba sai in numfashinsa ne ya tsaya.

Yana nan tsaye lafiya lau. Hannunsa a kan mariƙin famfon, a shirye, idonsa kuma ƙur a kan turken lantarki inda babu kowa. Ashe jama'a sun janye Saje zuwa shagon maƙwabta inda aka ce akwai tukwanen gas. Oba-obar da ke maƙale a kafaɗar Baba tana ta ɓaɓatu, muryar Saje ce yanzu take kiran famfo, da ƙarfin da Auta take ji daga inda take tsaye duk da rurin injin. Ko gezau bai yi ba.

Ta tsaya daga gefensa, kusa da har za ta iya taɓa shi. Ta ce, "Baba." Ta ƙara da ƙarfi. Sai da ta zagayo gabansa ya gan ta, ya ga baƙin da ke fuskarta da hularta da ta narke gefe guda, sannan ya zabura.

"Auta! Har kun fito? Ai ba a ce in ƙara ba."

Ta zauna daɓas a cikin ruwan da ke gudu a kwata. Tun da take ba ta taɓa jin tsoro irin na wannan lokacin ba, har na cikin shagon bai kai shi ba.

Wata motar ce daga wata tasha ta zo ta ƙarasa kashe wutar. Da yamma suna wanke mesa a filin tasha, babu mai tsokanar wani, babu mai kallon idon Auta. Baba yana can ƙarƙashin mota yana duba abin da bai lalace ba. Saje ya yafito ta zuwa ɗakin ajiye tukwanen iska ya tura ƙofa.

"Kin gani ko?" ya ce.

"Ba ya ji, Saje. Babana ba ya ji."

"Kunnen hagu ya daɗe da tafiya. Na dama akwai ɗan saura, in kina gabansa yana kallon bakinki. Injin nan ne ya cinye su, a hankali a hankali."

"Ka sani?"

"Wa bai sani ba? Me kike zato Kawu yake yi? Shi ke saurara, ya ɗaga hannu sama a ƙara, ya sauke a rage, ya gitta a wuya a kashe. A mota ma shi ke zama kusa da babanki yana taɓa masa gwiwa. In likita zai zo duba mu, sai in aiki babanki gareji da mota. Haka muke yi, kuma ba a taɓa samun matsala ba sai yau da haƙorin banza ya shiga tsakani."

Auta ta yi ta kallonsa baki buɗe. Ba a taɓa samun matsala ba! Mutum yana asibiti fatar wuyansa ta saluɓe, wannan kuma yana maganar haƙori. Ta tuna yadda Baba kullum yake zama yana fuskantar jar fitilar ƙofa, ta tuna rediyonsa da ke tashin maƙwabta, da yadda Umma ba ta fara yi masa magana sai ta dafa shi. Ita da take ganin wannan dafawar ta ɗauka soyayyar tsufa ce, har tana tsokanarsu.

"Me ya sa ni ba a gaya mini ba? Ni aka ba oba-oba!"

"Shi ya hana. Ya ce 'yarsa ba za ta dube shi a matsayin kurma ba." Saje ya share gumi. "Yanzu ki saurare ni da kyau. Gobe babban jami'i zai zo bincike daga hedikwata. Tambaya ɗaya ce: an kira famfo ko ba a kira ba? Ki ce kin rikice, kin danna ba daidai ba. Sabon shiga yana rikicewa, ba a kanki aka fara ba."

"Su mayar da ni ɗaga waya."

"Ke yarinya ce. Shi kuma saura ƙiris ya ajiye aiki a yi masa fareti a tafa masa. Kina so a tuɓe masa kaki a gaban yaran da ya raina? Kuma ba shi kaɗai zai tafi ba, har da ni, har da Kawu."

Daga tasha asibiti ta wuce. Ta ɗauka a can ne za ta sami wanda zai yi fushi tare da ita. Dogo yana kwance rub da ciki, an naɗe masa wuya da kafaɗa da hannu ɗaya, matarsa tana zaune a gefe da jariri a cinya, idanunta sun kumbura. Da ya ga Auta sai ya yi ƙoƙarin murmushi.

"'Yar Direba. Ashe kina da ƙarfi haka? Kin ja ni kamar buhu."

Sai da matar ta fita ɗebo ruwa sannan Auta ta sunkuya kusa da kunnensa. "Na kira, Dogo. Wallahi na kira."

"Na ji ki. Har Baba kika ce." Ya lumshe ido. "Ki yi yadda Saje ya ce."

"Kai ma?"

"Mutumin nan ya taɓa fito da ni daga ƙarƙashin bene a kafaɗarsa, lokacin ina kamar ke. Fata ce, za ta tofo. Laifin haƙorin Kawu ne, in na warke ni zan cire masa sauran."

Ta fito daga asibitin ta kama hanyar gida. Duk mutanen kirki ne, abin da ya fi ɗaure mata kai ke nan. Babu mugu ko ɗaya a cikinsu, amma sun haɗu sun tura ta cikin wuta da oba-obar da suka san babu mai jin ta.

A gida ta tarar da Umma tana ninke kaya a kan gado, ba ta ko ɗago ba.

"Umma, kin sani."

"Ni da nake kwana ɗaki ɗaya da shi?" Ta ajiye rigar da ke hannunta. "Na yi magana har na gaji. Na ce Malam ka ajiye, ya ce in ya ajiye ya zama me? Ran da aka ce tasharsu aka turo ki, ban runtsa ba. Na ce to yanzu fa? Ya ce ai Kawu yana nan."

Baba yana zaune a ƙofar ɗakinsa yana goge takalmin aiki. Auta ta jawo kujera ta zauna daidai gabansa, inda hasken fitila yake dukan fuskarta, ta yi magana a hankali tana buɗe baki. Kunya ta kama ta da ta ga yadda idonsa ya sauka kan leɓenta nan take, don yanzu ta gane haka yake kallonta tun da daɗewa.

"Baba, na kira ka. Na yi ta kiran ka."

"An gaya mini." Ya tsayar da burushin. "Da na ji, Auta, da motar ma zan tura cikin shagon. Kin san haka."

"Na sani."

Ta jira. Ta tabbata abin da zai biyo baya ke nan: zai ce gobe shi zai shiga ya faɗa da bakinsa, ita ta yi zamanta. Wannan ne uban da ta sani, wanda ya taɓa mayar da ita makaranta da ƙafa don ta je ta amsa laifin tagar da ta fasa.

"Saje ya yi miki magana?" ya ce.

"Ya yi."

"To." Ya ci gaba da gogewa. "Ofis ɗin ma aiki ne. Ba zafi, ba hayaƙi. Ummanki ma hankalinta zai fi kwanciya. In na tafi, bayan an manta, sai a san yadda za a yi a dawo da ke."

Ta tashi ta shiga ɗaki. Ta so ta yi kuka, kukan ma ya ƙi zuwa.

Da safe ta tafi tasha ba ta san abin da za ta faɗa ba. Gaskiya ta fi karkata ga yin yadda suka ce. Ubanta ne, kuma ɗaga waya ba mutuwa ba ce. Tana shiga fili ta tarar ana gwajin famfo irin na kowace safiya. Baba yana kan famfo cikin kakinsa mai guga. Kawu ya dawo, da auduga a baki, ya koma wurin tsayuwarsa yana ɗaga hannu yana saukewa. A bakin mesa kuma an sa wanda zai maye gurbin Dogo, wani da aka aro daga wata tasha, mai fara'a, yana ta ba kowa hannu yana cewa ya daɗe yana jin labarin Baba Direba. Oba-oba tana rataye a ƙirjinsa. Auta ta dubi Saje, Saje ya kau da kai. Shi ma baƙon ba a gaya masa ba ke nan.

Da hantsi babban jami'in ya iso, wani siririn mutum mai tabarau da ba ya son dogon zance. A ofishin tasha ya zauna. Aka fara kiran Saje, sannan Baba, sannan aka leƙo aka ce 'Yar Direba ta shigo.

Ƙofar ofishin tana bayan kujerar baƙi. Da ta shiga, ƙeyar Baba ta fara gani, da furfurar da ta fito ƙarƙashin hula. Yana zaune tsaf, ya ɗan karkato gaba yana fuskantar jami'in, kamar mai tsananin ladabi. Saje yana tsaye jikin bango, ya kafe ta da ido. Akwai kujera a gefen Baba wadda aka ajiye mata, amma ba ta ƙarasa ba, ta tsaya a bayansa.

Jami'in yana rubutu, kansa a sunkuye, ya yi tambayar ba tare da ya ɗago ba.

"Mai famfo ya ce kira bai iso masa ba. Ke ce da oba-oba. Kin kira ko ba ki kira ba?"

Ta dubi ƙeyar nan da ta sha hawa tana ƙarama tana riƙe da kunnuwan kamar sitiyari. Ba jami'in ta amsa wa ba.

"Baba," ta ce, da muryar da duk wanda ke ɗakin ya ji, "ka yafe mini."

Saje ya runtse ido. Baba bai motsa ba, yana nan yana jiran jami'in ya ɗago ya ga bakinsa.

Alƙalamin jami'in ya tsaya. Ya ɗago a hankali, ya dubi dattijon, ya dubi yarinyar da ke tsaye taku ɗaya a bayansa.

"Baba!" Wannan karon da ƙarfi ta faɗa, har wani da ke wucewa a waje ya tsaya. Hawayen da suka ƙi zuwa jiya suka ɓalle. "Baba, na ce ka yafe mini!"

Jami'in ya cire tabarau ya ajiye a kan tebur. Sai a lokacin Baba ya lura idon mutumin ba a kansa yake ba, sama da kansa yake kallo. Ya waiwaya, ya gan ta, fuskarsa ta washe.

"A'a, Auta, yaushe kika shigo?" Ya jawo mata kujerar da hannunsa. "Zo ki zauna. Daina kuka mana, ba abin tsoro ba ne. Gaya wa Yallaɓai yadda aka yi."